Za mu fara wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara: me ya kamata mu kiyaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Grenoble ta ƙasar Faransa. Ƙungiyarmu ta ɗalibai ta shirya tafiya Chamrousse, wurin wasan zamiya a kan dutse kusa da garinmu, a watan Janairu, maza da mata, kuma yawancinmu ba mu taɓa sa siki a ƙafa ba. Wasu siki suke so, wato dogayen alluna biyu sirara da ake ɗaura ɗaya a kowace ƙafa, wasu sinobod, wato allo ɗaya mai faɗi da ake ɗaura ƙafafu biyu a kai. Me za mu kiyaye don kada mu ji ciwo ko mu ji wa wani? Kuma akwai wasu ƙa'idoji da ake bi a kan dutsen?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙa'idoji akwai su, kuma a rubuce suke. Hukumar wasan siki ta duniya, FIS, ta tsara guda goma tun 1967, kuma idan aka yi karo a kan dutse har magana ta kai kotu, alƙalai a ƙasashen Turai sukan duba su don gane mai laifi. A cikinsu akwai ɗaya da nake so kowannenku ya haddace kafin ya sa takalmi: wanda yake gabanka, wato ƙasa da kai a gangaren, shi ke da hanya. Ba shi da ido a ƙeya. Kai da kake sama kana ganinsa, don haka nauyin kauce masa a wuyanka yake, ko da ya yi kwana babu zato, ko ya tsaya cak, ko ya faɗi. Kamar tuƙin mota ne, wanda ya daki wani ta baya ba ya kafa hujja da cewa na gaba ne ya taka birki. A shari'ar da aka yi da 'yar fim ɗin Amurka Gwyneth Paltrow a 2023, kan wani karo da ya faru a Deer Valley ta jihar Utah a 2016, kusan duk gardamar a kan abu ɗaya ta tsaya: wa ke sama, wa ke ƙasa lokacin da suka haɗu. Masu yanke hukunci suka yarda da bayaninta cewa ta baya aka buge ta, aka wanke ta.

Ga sabon shiga, abin da wannan ƙa'ida take nufi shi ne kada ka yi gudun da ba za ka iya tsayawa ba a cikin tazarar da idonka ke gani. Tsayawa kuwa koyonta ake yi. A nan ne yawancin tafiye-tafiyen ɗalibai suke lalacewa: a cikin ƙungiya akwai wanda ya iya, sai ya ce ku biyo ni sama, ai da sauƙi. Wanda ya iya wasa ba lallai ya iya koyarwa ba, kuma ya riga ya manta yadda gangare yake a idon wanda bai taɓa hawa ba. Ku haɗa kuɗi ku ɗauki malami na awa biyu a safiyar farko. A Faransa za ku ga malaman makarantar koyar da siki ta ESF da jajayen kayansu kusan a kowane dutse, kuma akwai wasu makarantun. Masu siki da masu sinobod ku rabu, domin darasin ba ɗaya ba ne. Malamin zai fara da ku a fili mai ɗan gangare kaɗan, ya koya muku tsayuwar da ake buɗe bayan siki a haɗa kawunansu kamar harafin V, wadda za ku ji yana kira chasse-neige. Sai mutum ya iya tsayawa inda ya ga dama, ya iya kwana dama da hagu, kafin ya bar wannan fili.

Hanyoyin zamiya launi ake ba su. A Faransa kore ce mafi sauƙi, sai shuɗiya, sai ja, sai baƙa. A Ostiriya da Suwizalan galibi daga shuɗiya ake farawa, kuma a ma'aunin Ostiriya shuɗiya ba ta wuce gangaren kashi 25 cikin ɗari, wato saukar mita 25 a kowace mita 100, ja ba ta wuce kashi 40. A Amurka da Kanada koren da'ira ne, sai shuɗin murabba'i, sai baƙin lu'ulu'u. Ranar farko ku tsaya a kore. Ku kuma sani cewa launi ba ya gaya maka halin da dusar take ciki yau. Shuɗiyar da rana ta narkar jiya da yamma ta daskare cikin dare, da safe ƙanƙara ce tsantsa, ta fi ja mai laushin dusa wahala. Kafin ka hau kowace lifta, wato na'urar da ke kai mutane saman dutse, buɗe taswirar da ake bayarwa kyauta a wurin sayen tikiti ka tabbatar akwai koriyar hanya da ke saukowa daga inda za ta ajiye ka. Mutane da yawa sai sun isa sama suke gane cewa ja ce kawai ke saukowa.

Yanzu kayan aiki, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin wasu raunukan sabon shiga daga shagon haya suke farawa. Mai shago zai tambaye ka nauyinka, tsayinka, shekarunka da iyawarka. Faɗi gaskiya, kada kunya ta sa ka rage nauyi ko ka ce ka ɗan iya. Da waɗannan bayanai, haɗe da tsawon tafin takalmin, yake saita maƙalin da ke riƙe takalmi a jikin siki. Lambar da yake saitawa ana kiranta DIN, kuma ita ce ke yanke ƙarfin da zai sa siki ya saki ƙafarka idan ka faɗi. Idan lambar ta yi sama, siki ba zai saki ba, ƙafa za ta murɗe tare da shi, sai jijiyar gwiwa ta tsinke ko ƙwauri ya karye. Idan ta yi ƙasa da yawa, sai ya saki kana tsakiyar tafiya. Saboda haka ba a musayar siki da aboki, ko da takalminku lamba ɗaya ne, kuma ba a sa sukundireba a juya shi da kai.

Takalmin siki zai matse ka fiye da yadda ka saba, haka aka yi shi. In ka tsaya a miƙe yatsunka su ɗan taɓa gaba, in ka lanƙwasa gwiwa ka jingina ƙwauri a harshen takalmin su ja baya, diddige kuma kada ya ɗaga. Safa ɗaya tak, doguwa, marar kauri sosai. Safa biyu suna naɗewa su hana jini gudana, ƙafar ta fi yin sanyi. Kada ka cusa ƙafar wando ko wandon ciki a cikin takalmin, domin duk wani ƙulli da ke tsakanin ƙwauri da takalmi zai zama ciwo kafin azahar. Tsawon siki na mai koyo ya tsaya wajen haɓa, gajere ya fi sauƙin juyawa. Sandar dogarawa da mai siki ke riƙewa a kowane hannu kuma ka kifa ta, ka riƙe ta ƙarƙashin faifan da ke kusa da tsininta: idan gwiwar hannunka ta yi kusurwa daidai, tsawon ya yi.

Hular kwano ba abin tattaunawa ba ce. Ku karɓa tare da sauran kaya, ku duba tana ɗauke da alamar EN 1077, ku ɗaure igiyar haɓa yadda yatsa biyu kawai za su shiga. Ta zauna daidai saman gira, kada ta karkata baya ta bar goshi a buɗe, kuma kada a sa hula mai kauri a ƙarƙashinta. A Italiya doka ta wajabta ta ga 'yan ƙasa da shekara 18 tun 2022, daga ƙarshen 2025 kuma ta haɗa da manya. A Faransa ba a tilasta wa manya ba, amma kan mutum ɗaya ne a ko'ina. Ga 'yan'uwa mata: ɗankwali ko hijabin wasanni marar kauri yana shiga ƙarƙashin hular lafiya lau, haka ma hular nan mai rufe kai da wuya da ake sayarwa a shagunan wasanni. Abin da ba a so shi ne mayafi ko gyale mai reto, da doguwar riga mai yawo, da allura ko fil a kai. Duk abin da ke lilo zai iya maƙalewa a kujerar lifta ko a igiyarta. A tura ƙarshen mayafi cikin jaket a ja zif. Maza ma masu naɗa dogon ƙyalle a wuya haka.

Masu sinobod su ƙara da kariyar wuyan hannu, domin raunin da ya fi samun mai koyon allo shi ne karayar wuyan hannu. Dalili kuwa, ƙafafu biyu a ɗaure suke a allo ɗaya, in mutum ya tashi faɗuwa ba shi da ƙafar da zai tare, sai ya miƙa tafin hannu. Ku koyi dunƙule hannu ku faɗi a kan damtse da gaban hannu gaba ɗaya. In baya za ka faɗi, manna haɓa a ƙirji ka sauka a kan mazaunai, kada ƙeya ta bugi ƙasa. Mummunar faɗuwar allo tana zuwa ne idan gefen da ke kallon ƙasan gangare ya kama dusa: nan take allon ya tsaya, kai kuma ka wuce. Maganinta shi ne nauyinka ya kasance kullum a gefen da ke kallon sama.

Mai siki kuwa gwiwarsa ce abin tsoro, sai babban yatsan hannu. Tsoro yana sa sabon shiga ya ja jiki baya kamar zai zauna, alhali da ya yi haka kan siki ya yi sauƙi, ya daina jin umarni, gudu ya ƙaru. Hannaye a gaba, ƙwauri a jingine da takalmi, ido a inda kake son zuwa. Wanda ya ƙura wa bishiya ido, bishiyar zai nufa. Idan gudu ya ƙwace maka, kada ka jira sai ka daki wani abu: karkata ka faɗi ta gefe, a kan cinya da kafaɗa, ta wajen sama. Kuma kada ka yi ƙoƙarin miƙewa kana cikin zamewa. Jijiyar tsakiyar gwiwa tana yawan tsinkewa ne daidai wannan lokaci, mutum yana zaune a bayan siki, yana son tashi, sai gefen siki ɗaya ya kama dusa ya murɗa gwiwar. Bari ka tsaya tukuna. Sannan ka jawo sikin duka biyu ƙasa da jikinka, ka jera su a gicciye da gangaren, ka tura da hannu ka tashi. In ɗaya ya cire, ajiye shi a gicciye, kankare dusar da ta manne a tafin takalmi, danna bayan maƙalin ƙasa ya buɗe, ka fara sa na ƙafar da ke ƙasa. Yatsa kuma yana rauni ne idan mutum ya faɗi da sanda a tafin hannu ta bankare shi. Malamai da yawa suna hana masu koyo sa igiyar sanda a hannu a kwanakin farko, kuma ina ganin daidai ne.

Sai maganar inda ake tsayawa, wadda ita ce ta biyu a muhimmanci bayan ta farko. Ba a tsayawa a tsakiyar hanya, ba a tsayawa a wuri mai ƙunci, ba a tsayawa a kan kwana ko mahaɗar hanyoyi, kuma mafi muni duka, ba a tsayawa a bayan tudu inda mai saukowa ba zai gan ka ba sai ya iso kanka. Masu sinobod sun fi faɗawa wannan kuskure, domin tsayuwa a kan allo da wahala, sai su zauna, wani lokaci su huɗu a jere sun tare hanya. Mutumin da ke zaune a bayan tudu ba a ganin ko hularsa. Ku matsa gefe sosai, inda za a hango ku daga nesa. In ka faɗi a irin wannan wuri kuma ba ka ji ciwo ba, fara jan jiki zuwa gefe kafin ka tsaya gyara tabarau. Idan za ka iske abokanka da suka tsaya, wuce su ka tsaya ta ƙasansu. Wanda ya nufo su daga sama birki ya ƙi, duka zai kwashe. Kafin ka sake tashi kuma, ko za ka shiga wata hanya, ɗaga kai ka dubi sama. A wannan lokaci kai ne mai shigowa, kuma kai ne za ka jira.

Wuce wani ya halatta ta dama ko ta hagu, da sharaɗin ka bar masa filin da zai yi duk motsin da ya ga dama. Ku lura da mai sinobod musamman: a gicciye yake tsaye, don haka akwai ɓangaren da ya ba baya. Wanda ƙafar hagunsa ke gaba ba ya ganin hagunsa sosai, wanda ta dama ke gaba ba ya ganin damarsa. Kada ka matse shi ta bayansa. In kun ga jerin yara suna bin malaminsu kamar wutsiya, kada ku ratsa tsakiyarsu, ku jira ko ku zagaye nesa. Yaro yana bin sawun na gabansa ne kawai, ba ya kallon kowa. Wanda kuma ya ji hanya ta fi ƙarfinsa, babu kunya ya cire siki ya sauko da ƙafa, amma ta can gefe, yana kafa diddige a dusa, domin takalmin siki yana santsi ƙwarai a kan ƙanƙara.

Lifta iri-iri ce. Ta masu koyo bel ce mai tafiya, ka tsaya a kai kawai. Ta biyu sanda ce mai faifai a ƙarshe da ake sawa tsakanin cinyoyi ta ja mutum sama. Kuskuren kowa a nan shi ne zama a kan faifan. Ba kujera ba ce, ba za ta ɗauke ka ba. Tsaya a miƙe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, siki a jere, ka bar ta ta ja ka. In ka faɗi, saki nan take ka mirgina gefe, domin na bayanka yana tafe kuma ba shi da birki. Ta uku ita ce kujera mai tafiya a kan waya. Cire igiyar sanduna daga hannu ka riƙe su a hannu ɗaya, sauke jakar baya ka rungume ta a gaba don kada igiyoyinta su maƙale, matsa zuwa layin da aka zana, waiwaya ka ga kujerar, ka zauna har bayanka ya taɓa majingina. Kafin ka sauke ƙarfen kariya, yi wa na kusa da kai magana, domin saukar da shi babu sanarwa yana bugun kan mutane. Ba a lilo da kujera, ba a sunkuyawa don kama safar hannu da ta faɗi. Kusa da sama za ka ga alamar ɗaga ƙarfen: ɗaga kan siki, in sun taɓa ƙasa ka miƙe ka bar kujerar ta ɗan tura ka, ka zame gaba ka bar wurin. In ka kasa sauka, zauna abinka, kada ka yi tsalle, akwai abin da ke tsayar da liftar kuma ma'aikaci yana kallo. In karonka na farko ne, gaya wa ma'aikacin da ke ƙasa, zai iya rage mata gudu. Mai sinobod yana hawa da ƙafar gaba kawai a ɗaure. A Faransa yaron da bai kai mita 1.25 ba dole ya hau da babba.

A layin jira ba a taka sikin mutane, ba a tsallake layi, kuma in kujera ta mutum huɗu ce ana cika ta ko da ba ku san juna ba. In ka ɗauko siki a kafaɗa, duba bayanka kafin ka juya. Allon sinobod in an cire shi, a kife ake ajiye shi, maƙalai a cikin dusa. Siki yana da ɗan birki da ke sauka idan takalmi ya fita, allo ba shi da shi, kuma allon da ya kuɓuce a gangare zai iya karya ƙafar wani a ƙasa. Ku cire abin sauraron kiɗa daga kunne, domin ƙarar kankarar dusa a bayanka ita ce ke gaya maka wani na tafe. Hoto da bidiyo a tsaye ake ɗauka, a gefe.

Gefen hanya akwai sanduna masu launin hanyar. A Faransa waɗanda ke hannun damanka in kana saukowa suna da launin ruwan lemo a samansu, don in hazo ya rufe ka san gefen da kake. Akwai kuma alluna zagayayyu masu sunan hanya da lamba, lambar tana raguwa yayin da kake sauka. Bayan waɗannan sanduna ba wurin mai koyo ba ne, ko da taku biyar ne, ko da ka ga sawun wasu. Michael Schumacher, shahararren direban tseren motoci na Jamus, ya iya siki sosai kuma yana sanye da hular kwano, amma a ranar 29 ga Disamba 2013 a Méribel ta Faransa, a ɗan filin da ke tsakanin hanyoyi biyu masu alama, ya faɗi kansa ya bugi dutse. Dusa tana ɓoye duwatsu da ramuka. Ga kuma zaftarewar dusa, wadda ake auna haɗarinta daga 1 zuwa 5, a kafe lambar a wurin lifta, kuma a mataki na 3 aka fi rasa rayuka, saboda mutane suna ɗaukarsa matsakaici. Hanyar da aka sa wa igiya ko raga an rufe ta ne da dalili. Bayan an tashi da yamma ma ba a komawa, domin motocin gyaran dusa suna aiki, wasu a ɗaure da igiyar ƙarfe mai tsawon ɗaruruwan mita da ba a gani cikin duhu.

Idan haɗari ya faru a gabanka, tsayawa wajibi ne, kuma a Faransa ƙin taimaka wa wanda ke cikin haɗari laifi ne a doka. Abu na farko, kare wurin: hau sama da wanda ya faɗi 'yan mitoci, ka kafa siki biyu a gicciye kamar X, ko wani ya tsaya yana ɗaga hannu. Sannan ka kira masu ceto na dutsen, lambarsu tana jikin taswira, ku adana ta a waya tun da safe. In babu, kira lambar gaggawa ta Turai, 112. Faɗi sunan hanya da lambar allo mafi kusa, da abin da ya samu mutumin, da ko yana magana. Kada ka ɗaga shi, kada ka cire masa hula ko takalmi, musamman in yana kukan wuya ko baya. Rufe shi da jaket, domin kwanciya a kan dusa tana zuƙe zafin jiki da sauri, kuma kada a ba shi abinci ko abin sha. In da kai aka yi karon, ko a gabanka aka yi, ka ba da sunanka da lambarka kafin ka tafi, ko kana da laifi ko ba ka da shi.

Bugun kai yana da yaudara, kuma ina roƙonku ku riƙe wannan da kyau. A watan Maris na 2009 'yar fim ɗin Ingila Natasha Richardson ta faɗi a hanyar masu koyo a Mont Tremblant ta Kanada, tana cikin darasi, babu hular kwano. Ta tashi tana magana, ta ce lafiyarta ƙalau, ta ƙi a duba ta. Daga baya ciwon kai ya taso, bayan kwana biyu ta rasu, jini ne ya taru a cikin ƙoƙon kanta. Duk wanda kansa ya bugu a cikinku, wasansa na ranar ya ƙare, kuma kada a bar shi shi kaɗai. In ya fara amai, ko jiri, ko barci ya rinjaye shi, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko ciwon kan yana ƙaruwa, asibiti kai tsaye. Hular da ta sha bugu mai ƙarfi kuma a gaya wa mai shago, ta gama aiki ko da ba a ga tsagewa ba.

Sanyi: Grenoble tana wajen mita 200 ne daga teku, Chamrousse kuwa daga 1650 zuwa 2250. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1000, don haka ku sa ran ƙasa da na gari da digiri 10 ko fiye, ban da iska a kan kujerar lifta. Sutura hawa uku ake yi: ta jiki mai fitar da gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi kamar ulu, ta waje mai hana ruwa da iska. Auduga da wandon jins ku bar su a gida, suna shan gumi su riƙe shi su yi sanyi. Safar hannu ta zama mai hana ruwa. In yatsa ko hanci ko kunne ya daina jin taɓi, ya yi tauri, launinsa ya koma toka-toka, a shiga ɗaki a ɗumama shi a hamata ko da ruwa mai ɗumi kaɗan. Ba a murza shi, ba a kanga shi a wuta. Rana ma tana ƙuna a can: sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken da ke ƙona fata, kuma baƙar fata ba ta kare ido. Wanda ya yini babu tabarau zai iya kwana idonsa na zafi kamar an zuba yashi, yana hawaye. Tabarau ko da akwai gajimare, man kariya daga rana a fuska, man leɓe a aljihu.

Akwai abin da ya shafe mu fiye da abokan karatunku Turawa. Sanyi, ƙarancin iska a tudu, da bushewar jiki, duka uku suna tayar da ciwon sikila. Duk mai SS ko SC ya ga likitansa kafin ya sa sunansa a wannan tafiya. Mai AS galibi lafiya lau yake zuwa, amma an san tsayi yana iya taɓa saifarsa, don haka in ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari, ya sauko ya je asibiti ya faɗa musu cewa shi AS ne. Kowa ya riƙa shan ruwa ko bai ji ƙishi ba, domin sanyi yana ɓoye ƙishirwa. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin hunturun Turai, in wata tafiyar ta zo a cikinsa, mai azumi ya taƙaita wasansa ga safiya.

Gajiya ita ce ke kawo yawancin faɗuwar yamma. Cinyoyi sun mutu, dusa ta tattaru ta yi tudu-tudu, haske ya dushe har ba a bambance rami da tudu, kowa yana saukowa lokaci ɗaya, wasu ma sun sha giya a gidajen abincin sama. In ƙafafunka sun fara rawa, ko ka faɗi sau biyu a wurin da ɗazu ka wuce lafiya, ka tsaya haka nan. Ku duba lokacin rufe lifta, ku sa wurin haɗuwa, kuma kada kowa ya tafi shi kaɗai.

Kafin ku biya kuɗin tikiti ku tambayi inshora. A Faransa sauko da mai rauni daga kan hanya ba kyauta ba ne, ɗaruruwan Yuro ne, in jirgi mai saukar ungulu ya shigo kuma ya ninka, kuma inshorar lafiyarku ta ɗalibai ba ta biyan kuɗin ceton. Ana sayar da inshorar yini ɗaya tare da tikitin lifta a kan 'yan Yuro kaɗan, ku saya, ku ajiye rasit ɗin a aljihun jaket. Ku kuma duba takardar inshorar ɗakin da kuke haya, yawanci tana ɗauke da sashen biyan diyya idan kun ji wa wani ciwo. In wata rana kuka tsallaka Italiya, wannan inshorar diyya dole ce ga duk mai hawa hanya tun Janairun 2022, kuma ana cin tarar wanda ba shi da ita.